Tusar jakin Yaya da allurar da aka yi wa guda ɗaya

Tusar jaki ashirin da uku na ƙirga a hannuwan Yaya daren da ya yarda ya shimfiɗa mani su a kan tabarma bayan isha'i. Sha huɗu a dama, tara a hagu. Babbar cikinsu tana gindin babban yatsan dama, daidai inda ƙotar wuƙa ke zama, ta kai girman gurjiya, samanta a tsattsage kamar ƙasan tafkin da ya ƙafe. Sauran ƙanana ne, wasu kamar dawa, wasu kamar gero, uku kuma sun kewaye farcen manuni har sun fara ɗaga shi. Shekara huɗu ke nan yana tare da su.

Gidanmu gidan fawa ne. Kakanmu mahauci, Baba mahauci, Yaya ne ya gaji tebur a babbar kasuwar Katsina. Ni kaɗai aka saki na bi boko, yanzu ina koyar da ilmin halittu a wata sakandare. Shi ya sa duk abin da ya shafi ciwo a gida sai a ce a kira Malam, alhali aikina na kullum bai wuce zanen kwaɗo da zuciya a allo ba.

Da ciwo ne kawai, Yaya ba zai taɓa nuna mani ba. Mutumin da ke tashi kafin asuba ya tafi kwata, wuƙa ta yanke shi ya ɗaure da tsumma ya ci gaba da fiɗa, ƙurji ba ya ɗaga mashi hankali. Abin da ya karya shi wata Hajiya ce da ke sayen nama a teburinmu tun zamanin Baba. Ta zo sayen kilo uku na tsoka, ya ɗauki wuƙa, ta dubi hannunsa ta ce, "Ɗan nan, bari yaronka ya yanka mani." Ba faɗa ta yi ba, har gyara ta karɓa ta yi godiya. Amma a ranar Yaya bai ci tuwon dare ba.

Muna yara ana tsorata mu cewa duk wanda ya tsaya bayan jaki ya yi mashi tusa, ita ce za ta fito mashi a jiki. Jaki dai an ɗora mashi laifin da bai san hawa ba bai san sauka ba. Abin da ke kawo ta ƙwayar cutar bairos ce ta mutane, likitoci na kiranta HPV, tana da iri fiye da 100, kuma kowane iri da inda ya fi so. Tana shiga ta 'yar ƙaramar tsaga a fata, ta zauna a ɓawon sama, ta sa ƙwayoyin fatar wurin su yi ta hayayyafa har su yi tudu. Fatar da ke jiƙe kullum kuma tana yawan yankewa ita ce gonarta. To ka dubi hannun mahauci: jini, ruwa, kitse, tsinin ƙashi, ga wuƙa ɗaya da magagari ɗaya suna yawo tsakanin mutum biyar. Har suna na musamman littattafan likitanci suka ba ta, tusar jakin mahauta, kuma an lura iri mai lamba 7 ya fi yawa ga masu aikin nama da kifi da kaji. Ba daga saniya ko rago ake ɗaukarta ba, kuma wanda ya dafa nama ya ci ba abin da zai same shi. Wannan ne na so a ce Hajiya ta sani, amma wa zai tsaya yi mata lacca a bakin tebur?

Kafin a zo wurina an riga an sha magani. Goggo ta fara da nonon tumfafiya, kullum da safe ta ɗiga mashi tana kashedin kada ya kai hannu ido. Wanzami ya yanke babbar, ta yi jini kamar an yanka zakara, bayan wata biyu ta dawo da 'ya'ya uku a jere a kan layin askar. An ɗaure wata da gashin wutsiyar doki, an shafa kanwa da toka. Wani mai kemis ya sayar mashi da man shafawar nan mai haɗi uku da ake ba kowa, ko makero ne ko kyasfi ko ƙaiƙayi, bai yi komai ba. Mafi muni shi ne shawarar wani abokinsa bakanike, ruwan batir. Ya ci tusar jakin ya haɗa da lafiyayyar fata, Yaya ya yi mako biyu bai je kasuwa ba, tabon yana nan a bayan hannun hagu har gobe, ita kuwa ta sake tsirowa a gefen tabon kamar tana yi mashi gwalo.

Ni ma na yi nawa. Na sayo mashi maganin ɗigawa mai sinadarin salisilik, wanda shi ne likitoci suka fi farawa da shi, kuma yana aiki. Sai dai yana son haƙuri: a jiƙa wurin, a kankare mataccen ɓawo, a ɗiga, a rufe, kullum, har zuwa mako 12. Yaya ya yi kwana tara ya ajiye kwalbar a kan taga. Ban ga laifinsa sosai ba. Ashirin da uku ne fa, kuma da gari ya waye hannun zai koma cikin ruwa.

Bayan Babbar Sallah, da kasuwa ta lafa, na ja shi asibiti. Likitan farko ya tura mu wurin likitar fata, muka jira layinmu na mako uku. Mace ce mai magana a hankali, ba ta ƙyanƙyami, ta kama hannun ta juya shi ta sake juyawa. Ta sa reza ta kankare saman babbar, sai ga wasu ɗige-ɗige baƙaƙe. Yaya ya ce, "Yauwa Likita, saiwar ke nan, ita wanzami ya kasa cirewa." Ta ce a'a, ba ta da saiwa, ƙananan jijiyoyin jini ne da suka toshe, kuma su ne ke bambanta ta da kanta irin wadda aikin ƙarfi ke sa wa hannu. Ni da nake malamin ilmin halittu, a ranar na fara jin haka.

Ta jera mana hanyoyin da ake bi. Akwai daskarewa da ruwan naitirojin, mai sanyin digiri 196 ƙasa da sifili, ana maimaitawa bayan mako biyu ko uku. Yana da zafi, yana tada bororo, a baƙar fata irin tamu yakan bar farin tabo, kusa da farce kuma yana iya ɓata farcen. Akwai ƙonawa da na'urar lantarki, ita ma tabo. Ta ce in guda ɗaya ce ko biyu da ba ta tsaya dogon tunani ba, amma hannu biyu a cike, ga mutumin da abincinsa ke hannun, ita tana ganin a gwada allura.

Fuskar Yaya ta washe. Bahaushe da allura ai sai Allah, in an je asibiti ba a yi ta ba kamar ba a ga likita ba. Ya ce, "Guda nawa za a soka a rana?"

Ta ce, "Ɗaya. Wannan babbar. Ita za mu riƙa yi wa duk bayan mako biyu."

"Sauran ashirin da biyun fa?"

"Jikinka ne zai ji da su, in Allah ya yarda."

Ya juyo ya dube ni. "Malam, ka ji fa. Wannan ko Goggo ba ta taɓa faɗin irinta ba."

Ga yadda abin yake, kamar yadda ta yi mana bayani na kuma je na ƙara karantawa don kada yara su kunyata ni a aji. Ƙwayar cutar nan ɓarawon zaune ce. Ba ta shiga jini, ba ta fasa ƙwayar fatar da ta shiga, ba ta sa zazzaɓi, kuma ɓawon fata na sama da take zaune a ciki ba shi da jijiyoyin jini. Saboda haka garkuwar jiki tana iya shekaru ba ta san da ita ba. Ka ɗauka wani ɓarawo ne ya kama haya a unguwa, ba ya hayaniya, yana gaida kowa, 'yan sintiri suna wucewa ta ƙofarsa kullum. Sai wani mai dabara ya kamo wani tsohon ɓarawo da duk unguwa ta san fuskarsa, ya jefa shi cikin gidan, ya yi kururuwa. 'Yan sintiri suka afka don kama wanda suka sani, suna bincike ɗaki-ɗaki sai suka ci karo da kayan sata na mai hayar. Daga ranar sun san kamanninsa, kuma duk gidan da yaransa ke ɓoye a unguwar sai sun bi sun zaƙulo su.

Abin da ke cikin allurar shi ne tsohon ɓarawon. Babu maganin kashe tusar jaki ko ɗigo a ciki. Wani abu ne da jikin mutum ya taɓa gamuwa da shi ya kuma riƙe shi a ƙwaƙwalwa, da an zuba shi cikin tusar jakin sai fararen ƙwayoyin jini su yi dafifi a wurin, su saki sinadaran faɗa irin su intaferon, a cikin wannan rikici su gane fatar da HPV ta shiga. Shi ya sa wadda ba a taɓa ba, ko a ɗaya hannun take ko a ƙafa, tana iya bajewa.

Abubuwan da ake amfani da su duk aro ne, ba don tusar jaki aka yi su ba. A Amurka sun fi amfani da ruwan da aka tace daga kandida, wata ƙwayar yis da kusan kowa ke ɗauke da ita a jiki, asalinsa na gwajin ƙarfin garkuwa ne a fata. Likitocin fata na jami'ar ilmin likitanci ta jihar Akansas sun wallafa gwajinsu da shi da kuma na hangum a 2001, suka biyo da wani mafi girma a 2005. A Masar kuwa, likitocin jami'ar Zagazig sun gwada rigakafin MMR, wato na ƙyanda da hangum da rubela, suka wallafa a 2010: cikin waɗanda aka yi wa rigakafin sama da kashi 80 cikin 100 sun rabu da ita gaba ɗaya, waɗanda aka yi wa ruwan gishiri zalla kuwa ba su kai kashi 30 ba. A Indiya an gwada BCG, wato rigakafin tarin fuka, da bitamin D da wasu. Ba ko'ina ake samun sakamako mai kyau haka ba, yawancin gwaje-gwajen na mutane kaɗan ne, kuma akwai waɗanda ake yi wa har sau biyar ko shida ba ta ko motsa ba. Likitar ta faɗa wa Yaya wannan ƙarara tun kafin ya biya ko sisi, abin da ya sa na ƙara yarda da ita.

Wanda ta zaɓa mashi shi ne PPD, ruwan gwajin tarin fuka, wanda ma'aikatan asibiti ke kira Mantu. Dalilinta mai sauƙi ne: shi ya fi samuwa a nan, kuma yawancinmu an yi mana BCG muna jarirai, ga tabonta a dantsen hagu, jikinmu ya san dangin wannan ƙwaya. Amma ba a ranar aka fara ba. Ta tambaye shi tari, zufar dare, rama, irin magungunan da yake sha. Ta rubuta gwajin suga da na cuta mai karya garkuwar jiki. A nan Yaya ya ɓata rai, ya ce shi da iyalinsa, me ake nufi? Ta ce ba shi kaɗai ba, duk babban da tusar jaki ta yi wa yawa haka sai an duba, domin in garkuwar ta yi rauni babu wanda za a tasa daga barci. Duka suka fito lafiya. Sannan aka ɗiga mashi kashi ɗaya cikin goma na mililita a fatar hannu tsakanin gwiwa da wuyan hannu, aka ce ya dawo bayan kwana biyu zuwa uku. Wurin ya yi tudu ya yi tauri. Aka ɗauki hoton ƙirji don a tabbatar ba tarin fuka ke cinsa ba, shi ma ya fito fes.

Allurar farko a farkon Muharram aka yi ta, da siririn sirinji irin na masu ciwon suga. Na sha ganin Yaya ya kada bijimi shi da mutum biyu, amma da allurar ta shiga tusar jakin sai da ya ce "Innalillahi" ya damƙe gefen kujera. Fatar wurin tauri gare ta, ruwan ba ya samun wurin zama, shi ke kawo zafin. Da dare yatsan ya kumbura ya yi ja, jikinsa ya yi ɗumi, gaɓoɓi suka yi ciwo kamar mura za ta kama shi. An riga an gaya mana haka na faruwa kuma yana wucewa cikin kwana ɗaya ko biyu. Ya sha farasitamol, jibi ya koma kasuwa.

Bayan mako biyu, ba abin da ya canza. Aka yi ta biyu. Bayan wasu mako biyun na sake ƙirgawa, ashirin da uku cif. Gwiwata ta yi sanyi, don ni na kawo shi, kuma ya fara kirana "Likita bokan Turai" a gaban matansa. Ranar ta uku sai da na je da babur har kasuwa na ɗauko shi, yana cewa ya bar cinya guda ba a sayar ba saboda wasan yara.

Kwana biyar da yin ta uku ya kira ni a waya, abin da ba ya yi sai da dalili. Ya ce hannun hagu ke mashi ƙaiƙayi, wanda ba a taɓa sokawa ba. Na je da yamma. Ƙananan sun yi duhu, gefensu ya yi ja-ja, samansu da ke da kaushi ya fara laushi. Cikin kwana goma sai ga su suna zubewa kamar ɓawon gyaɗa, wasu bai ma san lokacin da suka tafi ba, sai dai ya shafa ya ji sumul. Abin da ya fi ba ni mamaki, na hagun suka riga babbar da ake sokawa. Ita sai bayan allura ta biyar ta baje, a watan Maulidi, ta bar wani ɗan duhu da ke washewa a hankali. Zanen fatar yatsan ya dawo kamar ba a taɓa yin komai a wurin ba, likitar ta ce wannan ita ce alamar ta tafi da gaske.

Sai rigima ta tashi a gida kan wa ya warkar da shi. Ashe duk wannan lokaci Goggo ba ta zauna ba. Ta samo wata dabara daga wata tsohuwa a Daura: a ƙirga ƙwayar dawa daidai yawan tusar jakin, a shafa kowace a kan ɗaya, a ƙulle a tsumma a jefar a mararraba ba tare da waiwaye ba. Ta yi wannan ana saura kwana biyu a yi allura ta uku. Yanzu ka je ka gaya mata ba ita ba ce.

Ban yi mata dariya ba, kuma ba don girmanta kawai ba. Tusar jaki tana tafiya da kanta. A yara, kusan biyu cikin uku suna rabuwa da ita cikin shekara biyu ko ba a yi komai ba, ranar da garkuwar jiki ta farga da kanta. Duk abin da aka shafa ko aka ɗaura a makon nan shi ke kwashe yabo, da haka kowane gari a duniya ya samu nasa sirrin maganin tusar jaki. Ko a gwajin Zagazig, ruwan gishiri ma ya samu rabonsa. Amma ni a ganina Yaya ba yaro ba ne, ya haura arba'in, tasa ta shekara huɗu tana ƙaruwa ba ta raguwa, kuma ta tashi tafiya ne tare da kumburi da ƙaiƙayi daidai lokacin da likitar ta ce a sa ido. Na ba allura. Goggo ta ce boko ya ɓata ni. Yaya kuwa ɗan kasuwa ne, ya kai wa Goggo hanta, ya aika wa likita kilishi.

Abin da ke damuna yanzu shi ne bakin Yaya. Ya cika kwata da labarin "allurar tarin fuka mai kashe tusar jaki", har mutum uku sun zo gida suna so in rubuta masu sunanta a takarda su kai kemis. Na ƙi. Na san halinmu, gobe sai ka ji wani yaron shago ya fara soka wa mutane a bayan kanta. Ruwan nan sai an ajiye shi a sanyin digiri 2 zuwa 8, a garin da wuta ke zuwa kamar baƙo. Mai juna biyu ba a yi mata, musamman MMR da ke ɗauke da ƙwayoyi masu rai da aka raunana. Mai raunin garkuwa, da mai shan magungunan da ke danne ta, da wanda jikinsa ya taɓa yin mummunar borin allura, duk ba a yi masu. Yatsa kuma wuri ne matsattse, in ruwa ya yi yawa ko ya yi zurfi yana iya kumbura ya yi shuɗi. Uwa uba, ba duk tudun fata ne tusar jaki ba. Wanda ke jini da kansa, ko ya zama gyambo ya ƙi warkewa, ko ya fito wa dattijo yana girma da sauri, wannan ido na likita yake so. Na al'aura kuma maganarsa daban ce, a je asibiti kai tsaye.

Ɗaya daga cikin ukun ya tambaye ni ko ita ce rigakafin da aka yi wa ɗiyarsa a makaranta. Ba ita ba ce. Waccan rigakafin HPV ce da aka fara a Najeriya a Oktoba 2023 ga 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14, don kare su daga sankarar bakin mahaifa, wadda iri mai lamba 16 da 18 suka fi kawowa. Dangi ɗaya ne da na hannu amma ba su ba ne, kuma tusar jakin hannu ba ta juyewa ta zama waccan. Na duba hannun mutumin, guda biyu ce ƙanana. Na ce ya fara da na ɗigawa ya yi mashi wata uku cur, in ta ƙi sai mu nemi kati.

Cikin ashirin da ukun Yaya, ashirin da biyu sun tafi. Saura ɗaya a ƙarƙashin farcen manuni, ta ragu amma ta ƙi sakin wurin. Likitar ta ce a ba ta wata biyu a gani kafin a sake taɓa ta, ta kuma ce ya daina cizon gefen farce, ya riƙa sa safar hannu in zai wanke tumbi, kuma kowa a tebur ya riƙe wuƙarsa da tsummansa. Safar ya sa ta kwana uku ya ce ba ya jin nama a hannunsa. Wuƙar dai ya raba, don yaronsa ma na ga wata 'yar ƙarama ta fito mashi a ɗan yatsa, na sayo mashi kwalbar ɗigawa, ni nake bin sa da ita duk Asabar in na je sayen nama. Hajiya ta dawo tun watan jiya, Yaya ne ya yanka mata, bai ce komai ba ita ma ba ta ce ba.